Hannun Edita a Cikin Ƙagaggen Labari: Daga Zariya ta 1933 zuwa Gonakin Zakirai

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan jigo da salo da zubin ƙagaggun labarai, amma ba kasafai ake tsayawa a kan mutumin da littafi yake bi ta hannunsa tsakanin marubuci da maɗaba'a ba, watau edita. Dalili kuwa shi ne aikin edita ɓoyayye ne. In ya yi kyau sai a yaba wa marubuci, in ya ɓaci ma marubucin ake zargi. Wannan maƙala za ta dubi yadda editan farko na ƙagaggun labaran Hausa ya yi aikinsa, da abin da ya biyo bayan rashin edita, sa'an nan ta auna abin da aka gano a kan marubucin da ya tashi a karkara irin ta Zakirai, yake son ya rubuta rayuwar mutanensa. Ra'ayin da za a kare shi ne, ƙwarewa a nahawu da ƙa'idojin rubutu ba ta isa a damƙa wa mutum littafi ba, sai an san wa yake yi wa aiki a zuciyarsa, kuma ko ya san duniyar da littafin ya fito daga cikinta.

Rupert East da marubutan farko

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya zo duniya ne da edita a gefensa. A 1933 Dr. Rupert East, wanda yake shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai na zube. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da kowane ɗalibin Hausa ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. East da kansa ya bayyana, a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936, irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai, domin a ganinsu ƙaga labari aikin mata da yara ne, ba abin da mai ilimi zai ɓata tawada a kansa ba.

Abin lura a nan shi ne, ba marubutan ne suka zaɓi East ba, shi ya zaɓe su. Kuma yana da bukata tasa tun kafin kowa ya ɗora alƙalami a takarda: makarantun boko na lardunan Arewa ba su da abin karantawa cikin Hausa in ban da fassare-fassare. Saboda haka ma'aunin da ya riƙe shi ne na littafin aji, mai sauƙin karantawa, mai daɗi, wanda ba zai tayar da hankalin Sarki ko Razdan ba. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Amma ma'auni ne, kuma duk abin da bai shiga cikinsa ba ya tsaya a waje.

Dangantakarsa da Abubakar Imam ita ce ta fi cancantar nazari. Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. East ya karanta rubutun da idon mai faɗin karatu, ya gane cewa wasu labaran an ɗebo su ne daga littattafan da suka gabata, ya kuma rubuta wa Imam ya gaya masa haka. Imam bai ɓoye ba daga baya cewa Maƙamatul Hariri na cikin abin da ya yi masa tasiri. Wani edita da sai ya yi watsi da yaron, ya ce ɓarawon labari ne. East kuwa ya hango wani abu dabam: wannan matashi yana da baiwar ɗaukar baƙon labari ya sa masa riga da hula har a rantse a Kwantagora aka haife shi. Maimakon ya hana shi, sai ya mai da wannan baiwa sana'a. A 1936 ya sa aka kawo Imam Zariya na wasu watanni, ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Turawa da na wasu ƙasashen Gabas, suka riƙa zama yana rubutawa ana dubawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. A Janairun 1939 kuma Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Lalle wannan ita ce babbar shaidar da za a kafa wa East. Editan kirki yakan gane ƙarfin marubuci tun marubucin bai gane shi ba, ya kuma tura shi ta wannan hanya. Amma fa akwai tambayar da tarihi ba zai amsa ba, ko da yake ya kamata a yi ta: da Imam ya sami editan da ya tura shi ga rubuta rayuwar Katsina ta zamaninsa, da haraji da alƙalai da 'yan doka da malaman makaranta, wane irin littafi zai fito? Mutumin da ya ƙagi Malam Zurƙe da Alhaji Imam ba ya rasa idon ganin halin mutane. An dai juya wannan ido zuwa ga hikayar aku da waziri, domin ita ce makaranta take bukata.

Jiki Magayi kuwa misali ne na wani mataki. A bangonsa akwai suna biyu, John Tafida da Rupert East. A nan edita ya ƙetare iyaka ya zama abokin rubutu, har ya kasance da wuya mai nazari ya ce ga inda hannun wannan ya tsaya, na wancan ya fara. Abin da za a yaba shi ne an faɗi gaskiya a bango. Sau da yawa a wasu wurare ba a faɗa. A Amurka, editan nan Gordon Lish ya zaftare fiye da rabin wani tarin gajerun labarai na Raymond Carver da aka buga a 1981, ya sauya ƙarshen wasu, har salon da duniya ta san Carver da shi ya zama abin jayayya. Sai a 2009, bayan rasuwar marubucin da shekaru, aka buga rubutun yadda ya bar shi. Masu karatu har yanzu sun rabu a kan wanne ya fi. Ke nan edita yana iya kyautata littafi, a lokaci guda kuma ya raba shi da mai shi.

Zamanin hukuma da zamanin kasuwa

Tsarin da East ya kafa ya daɗe. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA ta shekarun 1950, da kamfanin NNPC da ya fara a 1966, duk sun gaji abu guda: edita ma'aikacin hukuma ne ko na kamfani, kasuwarsa kuwa makaranta. An sami tsabtar rubutu da daidaiton ƙa'ida wanda har gobe ake koyi da shi. An kuma sami ƙarancin littattafai. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka fara ganin labaran da suka fuskanci zamani kai tsaye, irin su Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya ɗauki matsalar barin ƙauye zuwa birni. Gasar NNPC ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, a 1980. Gasar Sashen Al'adu na Tarayya kuma ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da 'yan uwansu a 1982.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye, sai marubuta suka kama buga littattafansu da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da ɗaruruwan wasu sun fito ta wannan ƙofa, abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. An yi ta muhawara a jaridu a kan darajar waɗannan littattafai, kuma babban abin da masu suka suka riƙe shi ne rashin edita: haɗe kalmomin da ya kamata a raba, da rashin ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ, da maimaici, da labarin da ake ja zuwa littafi na uku don ciniki. Sukar tana da gaskiya. Sai dai masu yin ta ba su cika faɗin ɗaya gefen ba. Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? sun faɗi abubuwa game da kishiya da saki da auren dole waɗanda da wuya editan littafin aji ya bari su wuce. Rashin edita ya jawo kurakurai, ya kuma buɗe baki. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama sun yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyar duba wa juna rubutu, wanda ya fi babu, ko da yake aboki ba ya cika gaya wa aboki cewa babi uku na littafinsa ba su da amfani.

Akwai kuma wata matsala ta kalma. Hausa tana amfani da "tacewa" ga aikin edita, tana kuma amfani da ita ga aikin hukumar da ke hana fitar abin da ba ta yarda da shi ba. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, musamman bayan taƙaddamar da ta shiga tsakaninta da marubuta a wajen 2008, marubuci yakan ji "tacewa" ya tuna da almakashi. Wannan ya sa wasu suke gudun edita baki ɗaya, wasu kuma suke zaton in an cire abin da zai jawo magana to an gama gyara. Ayyuka biyu ne mabambanta. Mai tacewa na hukuma yana tambaya ko littafin zai yi ɓarna. Edita yana tambaya ko littafin ya cim ma abin da ya nufa.

Marubucin Zakirai

A ɗauka ga wani malamin makaranta a Zakirai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa a arewa maso gabashin Kano, ya rubuta labari a kan gidan gandu da ya watse bayan rasuwar maigida. Ƙasar da yake rubutu a kanta tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ya kewaye Kano, wanda Michael Mortimore da J. Wilson suka yi nazarinsa a 1965, Polly Hill kuma ta yi nata a ƙauyukan Dorayi ta buga a 1977. Abin da ya bambanta wannan yanki shi ne babu dajin da za a sara a yi sabuwar gona, kuma ba a barin gona ta huta. Shekara da shekaru ana noma fili guda da ƙarfin taki, gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe, kowace bishiya tana da mai ita. In an raba gado sai gona ta ƙara tsukewa. A irin wannan wuri rikici a kan kunya biyu ta iyaka yana iya raba 'yan uwa har jikoki, kuma jinginar gona ba ƙaramar magana ba ce. Jigo ne mai nauyi da adabin Hausa bai ba shi haƙƙinsa ba.

To, wa zai ba rubutun? Da farko za a ce matsalarsa kaɗan ce, tun da daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, ba kamar Basakkwace ko Bagobiri ba da edita zai bi yana sauya masa kusan kowace jimla. Amma tazarar da ke tsakanin Hausar gona da Hausar ofis ta fi ta tsakanin wasu kare-karen harshe. Misalai kaɗan za su nuna haka.

Marubucin ya rubuta cewa a tsakiyar damina dattijon ya zauna yana duban gawon gonarsa, ba ganye ko ɗaya a kansa. Editan da ya tashi a birni zai ga kuskure, ya ce ai da damina itatuwa suke ganye, ya mai da maganar rani. Alhali gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa manomi yake barinsa a gona: ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Marubucin ya sa gawon ne da gangan, ya zama hoton dattijon da ya tsaya tsirara a lokacin da kowa yake cikin yalwa. Gyara ɗaya ya kashe gaskiyar noma da adon magana tare.

Haka nan in ya rubuta cewa sun yi binne, edita ya mai da shi "sun yi shuka". Binne shuka ce da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, caca ce da iri, kuma mai karatu na karkara zai fahimci cewa gidan nan sun matsu ko kuwa maigidan mai kasada ne. In an ce firi da maimai duk "noma" ne, gandu da gayauna duk "gona" ce, to an share ginshiƙin labarin, domin rikicin gaba ɗaya a kan bambancin gandu da gayauna yake: wace rana ɗa yake yi wa uba aiki, wace rana yake yi wa kansa.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne gyaran da ya taɓa ladabi. Ɗa ya ce wa mahaifinsa, "Baba, kun ce a bar gonar bakin rafi sai an yi ruwa biyu." Edita mai bin nahawu ido rufe zai ce mutum ɗaya ake yi wa magana, ya mai da "kun" ta koma "ka". In kuwa marubucin ya ɓoye wannan "ka" ɗin ne sai babi na goma, ranar da ɗan ya fito fili ya yi wa uban tsaurin ido, to edita ya fasa ƙwan tun ba a je ko'ina ba. Ko kuma uwa da ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba a duk littafin, sai "wannan yaron" ko "yayanku". Edita ya ga mai karatu zai ruɗe, ya bi yana cusa sunan a bakinta. Ya kawar da ruɗu, ya kuma kawar da alkunya, wadda ita ce halin matar.

Ba a nufin cewa sai ɗan Zakirai ne zai iya gyara littafin Zakirai. East Bature ne, kuma ya yi wa Hausa aikin da 'yan ƙasa da yawa ba su yi ba. Ɗan gari ma yana da nasa makantar: abin da ya saba da shi ba ya ganin yana bukatar bayani, kuma yana iya jin nauyin a fallasa asirin gari, ya roƙi a sassauta. Abin nema shi ne mutumin da in ya ci karo da abin da bai sani ba zai sa alamar tambaya a gefen takarda, ba zai ja layi ya soke ba. Kamfanin Faber na Ingila, da ya karɓi rubutun Amos Tutuola ya buga a 1952, ya taƙaita gyara ƙwarai, har ya sa hoton shafi guda na rubutun hannun marubucin a cikin littafin don mai karatu ya ga iyakar abin da aka taɓa. An soki wannan a Nijeriya a lokacin, ana ganin an bar kurakurai don Turawa su yi dariya, kuma sukar ba ta rasa tushe ba. Duk da haka, da an goge Turancin Tutuola ya zama na makaranta, da babu wanda zai tuna da littafin.

A tsarin karatun allo akwai abin da zai taimaka wajen rarrabe ayyukan. Mai darasu yana duba allon almajiri ya gyara wasali da ɗigo, domin akwai matani tabbatacce da ake komawa gare shi. Wannan shi ne matsayin mai gyaran ƙa'idojin rubutu, kuma a nan ba a sassauci: raba "ba ya" da "baya", da sa ƙugiya inda ta dace, abubuwa ne da aka daidaita a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, kowane malamin Hausa mai kula zai iya yi. Amma zubin labari ba shi da matanin da za a koma wa. Wanda zai ce babi na biyu ya kamata ya zama na farko, ko tauraron ya tuba da wuri ba tare da dalili ba, ko wa'azin da aka liƙa a ƙarshe ya raunana abin da labarin ya riga ya nuna, yana bukatar ya karanta labarai da yawa, ya kuma yarda cewa littafin na wani ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai wa mai darasu aikin zubi, ko a kai rubutu wurin babban malamin jami'a don a sami sunansa a gabatarwa, shi kuwa ya duba shafi goma ya sa albarka. Sa albarka daban, gyara daban.

Tun da rubutu ya koma waya, ana sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad, matsalar ta sake kama. Marubuciya takan saki babi da dare, da safe masu karatu sun yi sharhi, sai ta juya labarin yadda suka so. Masu karatu sun zama edita, kuma edita ne mai son a ba shi abin da ya saba ci. Gasanni irin su Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, sun dawo da alƙalai da ma'auni, amma alƙalin gasa yana zaɓe ne, ba ya zama da marubuci watanni kamar yadda East ya zauna da Imam.

Hanyar da ta rage wa malamin Zakirai mai sauƙi ce, ko da yake tana cin lokaci. Kafin ya miƙa littafin duka, ya ba wanda yake tunani babi guda, ya zaɓi babin da ya fi cika da maganar gona da ta cikin gida, ya roƙe shi ya yi gyara da jan biro a kan takarda, ba a cikin kwamfuta inda gyara yake haɗiye asali ba. Sa'an nan ya tambaye shi ya faɗi da bakinsa, a jimla biyu ko uku, abin da labarin yake nufi. In ya ce labari ne na illar rashin biyayya ga iyaye, alhali marubucin ya rubuta ne a kan ƙasar da ta yi wa mutanenta kaɗan, to duk gyaran da zai yi zai ja littafin zuwa ga wancan jigo ne. Daga nan sai ya buɗe takardun ya nemi shafin da gawon yake, ya ga ko an bar shi ba ganye.